Ƙwayar da Ta Ƙi Narkewa

Ƙwayar ta ƙi narkewa a cokali. Mu'minatu, nas a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kebbe, ta ƙura mata ido, domin maganin limoniya na yara da ya taɓa ruwa yake narkewa. Ta ɗanɗana. Bitamin ne! Ga Mudassir ɗan wata tara kwance, haƙarƙarinsa na lotsawa da kowane numfashi, kwana huɗu ana ɗura masa abin da ba ya kashe cutar.

Mu'minatu ta kira 'yan sanda. Kafin azahar Sufeto Hafiza ta iso daga Tambuwal. Sai da ta ga an wuce da yaron babban asibiti, sannan ta juye gwangwanin maganin a tebur. Babu ƙwayar gaske ko ɗaya.

Ta fara da Bube, direban da ke kawo kaya.

"Ni kwali kawai nika ɗaukowa, ranki ya daɗe. A liƙe na kawo shi."

Takardar karɓar kaya ta gaskata shi. Mu'minatu kuwa ba ta riƙe makullin sito. Saura mutum biyu masu makulli: Malam Gazali shugaban asibitin, da tsoho Ɗangiwa mai kula da sito.

Gazali ya tura mata rajista. "Duba layi na fuɗu. Ɗana ne. Daga gwangwanin nan ya sha."

Ta duba, haka ne. Ta ci gaba da bin sunayen da yatsa. Yara goma sha biyu cikin mako guda, duk an ba su daga gwangwanin, ban da yarinya ɗaya, Nasiha. Ta sa aka kira Ɗangiwa.

"Baba, wace ce Nasiha?"

"Jikata ce, ranki ya daɗe."

"An rubuta mata magani, ga shi nan kyauta. Me ya sa uwarta ta hau babur har Tambuwal ta sayo?"

"Haka ta ga dama."

"Na buga mata waya. Ta ce kai ka tare ta a bakin ƙofa, ka ce kada ta karɓi na nan. Wanda ya san abin da ke cikin gwangwani shi kaɗai zai hana jininsa sha. Ina maganin?"

Ɗangiwa ya zame ya zauna a ƙasa. "Maruƙana, can Fakku. Tari ya kama su, biyu sun faɗi rana guda. Na jiƙa musu shi. Na ce bitamin ma ai magani ne, shina ƙara ƙarfi, kafin sabon kwali ya iso..."

"Ƙarfi yake ƙarawa, ba ya kashe limoniya. Kai ma ka sani, tunda ba ka ba Nasiha ba."

Hafiza ta kwafe sunayen da suka rage, ta ɗora masa takardar a cinya.

"Yara goma suna gida, iyayensu na zaton magani suke ba su. Ka san ƙofar kowa. Tashi, Baba, mota na jira. Ankwa sai mun dawo."