Wasiƙun Auta da Suka Dawo

A ƙofar gidan burodi suka fara haɗuwa. Auta, 'yata ta ƙarshe, tana aikin kwaɓi a can, shi kuma Dogo direban motar da ke kawo musu fulawa ne. Ya dire buhu da ƙarfi, garin ya tashi ya baɗe ta daga ɗankwali har takalmi.

"Malam, ka ga yadda ka mayar da ni?"

"Yi haƙuri. Amma wallahi furfura za ta yi miki kyau. Allah ya nuna mini ranar."

Ta harare shi, dariya ta ci ƙarfinta. Tun daga nan yake kiranta Zumata, ita kuma ta ce Direbana.

Babanta, Allah ya jiƙansa, kafinta ne, ba shi da yawan magana. Da ya ji labari sai ya ce, "Direba? Rabin ransa a titi yake. Ban yarda ba." Ba a jima ba birki ya tsinke wa Dogo, ya buge wani mai keke, mutumin ya rasa ƙafa. Kotu ta ɗaure shi. Babanta bai ce "ai na faɗa" ba, amma shirunsa ya fi faɗin zafi.

A gidan yarin farko akwai na'urar aika saƙo. Sai an duba kafin ya wuce, wani lokacin ya kwana a hanya. Auta takan karanta mini wasu.

"Zumata, yau an ba mu burodi. Na ce wa 'yan ɗakinmu wannan katako ne, Babanki zai iya kafa masa ƙusa."

Ta mayar masa: "Direbana, ci haka nan. Kada ka fito mini tsawo ba faɗi."

Wata rana wannan ya shigo: "Za a mayar da ni wani gidan mai nisa. Can babu na'ura, sai wasiƙa. Zumata, in kin gaji kada ki faɗa mini, yi shiru kawai, zan gane, ba zan dame ki ba. Da ina da tausayi ma da tuni na sallame ki."

Ta soma rubuta wasiƙa. A gida tana jin nauyin idon Babanta, don haka a wurin aiki take rubutawa, lokacin hutu, a kan teburin kwaɓi. Ta farko ta dawo da hatimi a kai: ba a karɓa ba. Ta biyu ma haka. Ta uku ma. Daga wurinsa kuwa ko layi ɗaya.

"Inna, ya sallame ni ke nan," in ji ta. "Ko buɗewa ba ya yi."

Gidan nan ya yi mana girma. Yayyenta duk sun yi aure, mu uku ne kawai. Ta dawo daga aiki ta shige ɗaki, ta ɗora waya a kan matashi tana kallo, alhali ta san ba abin da zai shigo. Ni ina tsakar gida ina jin ƙarar fanka, Babanta yana shago yana goge katakon da ya riga ya yi sumul.

Mai kemis na bakin layinmu, da ya daɗe yana sonta, ya samu ƙofa. Mutumin kirki ne, ba zan ci zalinsa ba. Kullum ya tare ta da sallama, ya ce, "Wanda yake ciki ya san abin da ya fi miki, shi ya sa ya ja jiki."

Ranar da wata wasiƙar ta sake dawowa, Auta ta ajiye ta a gabana. "Na gaji, Inna. Zan ce wa mai kemis ya turo manyansa."

Ashe Babanta yana bakin ƙofa. Na ɗauka murna zai yi. Sai ya kwashe wasiƙun duka ya zuba a aljihu.

"Ba na son yaron nan," ya ce. "Amma ba zai riƙa jefo wa 'yata takardarta ba. Sai ya faɗa mini da bakinsa."

Ya shiga mota ya tafi har gidan yarin. Ba su bar shi ya ga Dogo ba, don ba danginsa ba ne. Sai ya zube wasiƙun a tagar wata ma'aikaciya. Ta ɗauki ɗaya ta kai hanci.

"Baba, wannan takarda ce ko kek?"

Ta nuna masa ɗigon bota a gefe. Ta ce duk takardar da ke da maiƙo ko ƙanshi ba ta shiga, saboda wasu na jiƙa takarda da ƙwaya su aiko. "Daga nan muke mayar da su. Shi bai ma san an aiko ba."

Da yamma ya dawo da sabuwar takarda da biro. Ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya zauna.

"Ke, hannunki ko an kwana ana wankewa bota yake. Faɗi in rubuta."

Auta ta rufe fuska. "Baba, ni ba zan iya ba."

"To, a kira mai kemis?"

Ta yi ƙasa da murya. "Rubuta, Direbana."

"Direbanki? Motar ubanki yake ja?"

"Baba!"

Ya rubuta. Ta ce a rubuta ba ta gaji ba, ba ta yi shiru ba, ya rubuta. Ta ce a rubuta ta yi kewarsa, ya yi gyaran murya ya dube ni, ni kuma na dubi bango. A ƙasa ya ƙara nasa: "Ni babanta ne. In ka fito ka same ni a shago."

Amsa ta zo, rubutun duk a karkace. "Zumata, na ɗauka shirun da na roƙa ne kika ba ni. Kullum aka kira sunayen masu wasiƙa sai in juya wa ƙofa baya. Ki gai da Baba. Ki ce masa na ji, kuma ina jin kunya."

Daga nan Auta ta koma rubutu da hannunta a teburin Babanta, shi yake kai mata gidan waya. Mai kemis ya ji, ya yi mata fatan alheri.

Dogo ya fito a rame, bai je ko'ina ba sai shagon. Lokacin ciwo ya fara cin Babanta, amma ya ƙi kwanciya sai da ya gama musu gado da kujeru. Ranar ɗaurin aure sai da aka riƙe shi ya miƙe. Ya kama hannun Dogo ya ce, "Na ba ka ita. In ta yi shiru, tambaye ta dalili. Allah ya yi muku albarka."

Bai ga jikarsa ba. Yanzu ni kaɗai ce a gidan, shagon yana kulle. Auta da mijinta suna zuwa da yarinyar, a yi hayaniya, su tafi, in rufe ƙofa.

Allah ya bar su tare, ya raya abin da ya ba su. Shi kuma Allah ya haskaka kabarinsa.