Ƙafar Dokin Bango

Na sha gargaɗin maƙwabcina Mitwalli mai keken doki ya bar taɓa dawakin da mutanen dā suka sassaƙa a bangon tsohon gidan bauta na Karnak. Taurin kai ya hana shi ji. Ya kankare ƙafar ɗaya, ya jiƙa wa gurguwar goɗiyarsa garin dutsen ta sha.

Bayan magariba, muna cikin kekensa a hanyar gonakin rake, wani baƙo ya tare mu, yana tsaye a kaikaice, yana warin ƙurar dutse.

"Kauce, ɗan kare!" in ji Mitwalli.

"Kai ne ɓarawon," baƙon ya ce. "Dokina ya kasa tsayuwa. Kwance goɗiyar nan."

Mitwalli ya ɗaga bulala. Baƙon ya juyo ya fuskance mu, sai muka ga kaurinsa bai fi na tafin hannu ba.