Motar da ke Durƙusawa

"A mayar musu da kayansu! Na ce a mayar!"

Saura kaɗan tiren shayi ya suɓuce daga hannun Bilkisu. Mai wannan faɗan Gwaggo ce, yayar Baba, wadda tun rasuwar Mama ba a yanke magana a gidan nan na Samaru sai an je Hanwa an ɗauko ta.

"Yaya, ki yi haƙuri..." in ji Baba.

"Haƙurin me, Audu? Dubi motarka!"

Tsohuwar jif ɗin Baba, wadda ya yi shekaru yana ratsa daji da ita zuwa rugage duba shanu, ta wayi gari a durƙushe. Bayanta na hagu ya zauna daɓas a kan taya.

"Ranar da yaron nan Nasir ya zo gaishe ni, ta durƙusa. Ranar da iyayensa suka zo tambaya, ta durƙusa. Jiya sun kawo kayan sa rana, ga ta nan! Wallahi farar ƙafa gare shi."

"Ga shi bakanike ya duba bai ga komai ba," in ji Jafaru, ɗan Gwaggo, wanda ya daɗe yana son Bilkisu, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Munafuki! Har da wani sunkuyar da kai wai abin ya dame shi.

Baba likitan dabbobi ne, bai yarda da camfi ba, amma bai taɓa iya musa wa yayarsa ba. Ya ce a bari zuwa Juma'a.

Bilkisu ta shige ɗaki ta kira Nasir, hawaye na zuba.

"Masoyi, wai kai ne ke karya mana mota..."

"Ni? Ni da ko tayar kekena ban iya liƙewa ba?"

"Kana wasa, ni zuciyata za ta fashe! Za su mayar da kayan fa."

Sai muryarsa ta yi laushi. "Billy tawa, ina ce ke ce injiniyar? Ni malamin lissafi ne kawai. Duk inda kika ce in zo, zan zo."

Gaskiyarsa. Tana ajin ƙarshe a fannin injinan noma, ta kuma san jif ɗin nan ba a kan sifirin take ba, a kan jakunkunan roba take zaune, ƙaramin inji na hura musu iska. In mota ta durƙusa, iska ce ta gudu. To ta ina?

Washegari Gwaggo ta ce ba za ta koma Hanwa ba sai ta ga ƙarshen maganar. Bilkisu ta roƙi Baba makulli ta tayar da motar. Injin iskar ya yi ta gurnani har motar ta miƙe da ƙyar, Bilkisu ta ja ta sai Sabon Gari, garejin Emenike bakanike. Nasir na can yana jira.

"Aunty, na duba motar nan fes," in ji Emenike, wanda a Zariya aka haife shi, Hausa kamar ruwa. "Amma mu sake."

Ya kaɗa ruwan sabulu a gora. Bilkisu ta tattare gyale ta tsuguna kusa da shi, suka fesa wa jakar hagu, suka bi bututun iska kaf, suka fesa wa mahaɗa. Ko ɗigon kumfa bai tashi ba.

Bilkisu ta miƙe tsaye. Shi ke nan, Gwaggo ta yi nasara?

"Kada ki yi kuka a gaban mutane, zuciyata," in ji Nasir a hankali. "Zo ki koma gida. Bari in danna maɓallin nan ta sauko ki hau, kamar yadda Baba ke yi wa Gwaggo."

Ta tsaya cak.

"Me ka ce?"

"Na ce Baba yana saukar da ita saboda gwiwar..."

"Nasir! Danna! Danna yanzu!"

Motar ta yi tsaki ta sauko ƙasa. Bilkisu ta fizge gorar ta sake fesawa, sai ga kumfa na tasowa fur-fur daga inda robar ta naɗe.

Emenike ya tafa hannu. "Chineke! Ikon Allah! Tsagewar a cikin naɗin take. In mota na sama, bakinta a rufe. Sai an sauke ta take buɗewa."

Kuma yaushe ake sauke ta a bar ta haka ta kwana? Sai ranar da aka ɗauko Gwaggo. Yaushe ake ɗauko Gwaggo? Sai ranar da mutanen Nasir za su zo. Bilkisu ta yi dariya har da hawaye.

"Kada ka canja tukuna," ta ce wa Emenike. "Sai Gwaggo ta gani da idonta!"

Da la'asar kowa ya hallara a tsakar gida. Bilkisu ta fesa sabulu motar na sama, shiru. Ta sauke ta, ta sake fesawa, kumfa ta taso. Ta yi bayani dalla-dalla, ranta fari tas.

Jafaru ya tuna wai yana da saƙo a Basawa, ya sulale.

Gwaggo kuwa ta daɗe tana kallon kumfar. Da ta ɗago, idonta ya kaɗa.

"Wato... ƙafar tawa ce ke nan. Ni ce mai farar ƙafar."

Nan take murnar Bilkisu ta koma ciki. Matar nan fa ita ta goye ta ranar da aka kai Mama makwancinta.

Sai Nasir ya matso, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa.

"Haba Gwaggo, wace farar ƙafa? Duk gidan nan ba wanda motar nan ke durƙusa wa sai ke. Tarbiyya gare ta. Ni ma ga ni, a wajenta na koya."

Baba ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Gwaggo ta yi ta maza, ta haɗe rai, amma ina! Dariya ta ƙwace mata.

"Ja'iri! Tashi kada ka ɓata wandonka. Audu, a bar kayan nan inda suke."

Emenike ya sa sababbin jakunkuna biyu a baya, wai in ɗaya ta tsufa 'yar'uwarta ma na hanya.

Ranar kai amarya, jif ɗin ce a gaba, Bilkisu a lulluɓe a ciki tana kuka irin na daɗi. Gwaggo ta iso tana dogara sanda, Baba ya kai hannu zai danna maɓallin.

"Dakata," in ji ta. "Ina angon? Shi zai danna. Hannunsa da albarka."