Dutsen Taimamar Nafiou

Mijina Nafiou ba ya nan. Wata bakwai ke nan da muka binne shi a Riyad.

Direba ne, yana kai wani daktan jami'a sahara, wurin duwatsun da mutanen zamanin da can suka yi wa zane. Akwai zanen wani tsuntsu da daktan ya nace wa. Yana zaton na teku ne, irin da ya ƙare a duniya, amma kan zanen ya ɓalle ya ɓata, kuma da baki ake gane shi.

Ran nan la'asar ta riski Nafiou ruwansu ya yi kaɗan. Ya tsinci wani falalen dutse ya yi taimama, ya jefa shi aljihu don gaba. Bai juya dutsen ya duba bayansa ba.

Da magariba muna cin abinci a ɗakinmu na unguwar Manfuha, tsakuwa ta faɗo cikin kwanon miya. Ƙofa a rufe, taga a rufe. Na ɗauka na ji ta jiƙe, tana ƙarnin kifi. Kullum magariba haka. Kwana tara Nafiou ya cika. A asibiti suka ce ruwa ne ya cika masa huhu.

Sai abin ya koma kan 'yarmu Khairat. Ta daina magana, tana tsayuwa da hannuwa manne a jiki, wuya a miƙe.

Malam Almustafa mai ruƙiyya ya zo daga unguwar Shumaisi. Ya daɗe yana karatu kafin ta buɗe baki. Khairat a nan aka haife ta, Hausarta a karye take, amma ranar sai ga Hausa tsantsa da muryar tsohuwa.

"Don uwar ta ji na zaɓi harshenku. Ina kan tsuntsuna?"

"Ke wace ce?" in ji Malam.

"Mai kiwon tsuntsayen, tun wurin yana bakin ruwa. Mutane suka cinye su kaf. Hoto ɗaya ya rage mini, shi ma uban yarinyar nan ya ɗauke masa kai."

"Salla ya yi da shi, baiwar Allah. Bai sani ba."

"Ni ma ban tambaye shi ba."

Na zazzage aljihun rigar Nafiou. Ga dutsen, ga kan tsuntsu a bayansa, baki mai kauri da zane-zane.

Muryar ta ce, "A mayar, a kife shi, a rufe da rairayi. In daktan nan mai auna bakin tsuntsaye ya gan shi ya sa masa suna, yarinyar tawa ce."

Daktan ya ji labari, ya zo har ƙofa. "Hajiya, hoto kawai zan ɗauka, wallahi minti ɗaya."

"Ka je ka tambayi Nafiou," na ce, na rufe ƙofa.

Malam da kansa ya mayar. Ranar Khairat ta nemi ruwan sha da Larabcinta.

Ita tsohuwar ta samu kan tsuntsunta. Ni ba a mayar mini da kowa ba, kuma ban yafe ba. Mai karatu, ɗaga hannu ka taya ni: Allah ya jiƙan Nafiou, ya tsare Khairat, ya tsayar da ni da wannan aljana a gabansa ranar hisabi, ya bi mini hakkina. Ka ce amin.