Baƙon da Zuwaira Ta Ce wa Shigo

Na san za a ce uwa ce ke wanke 'yarta. A faɗa. Amma Zuwaira ba ta zagi kowa ba, kuma abin da ya yi zagin ba ɗan Adam ba ne.

Injiniya ce a wani kamfani a Kaduna. An ba ta aikin dasa ƙaramin inji a cikin manhajarsu, wanda zai riƙa karanta umarnin da masu amfani suka rubuta yana aiwatarwa. Dole ya yi aiki a kan kwamfuta iri uku. Biyu sun karɓa. Ta ukun ta ƙi. Kwana tara tana harhaɗawa yana rushewa, ga shi ran Litinin za a nuna wa manyan baƙi, da sunanta a kan aikin.

Ranar Juma'a da rana tsaka, maza duk sun tafi masallaci. Ofis tsit. Sai ta ji sallama, ta amsa ba ta ɗago ba.

Wani dattijo ne cikin farar riga, tsaye a bayanta. Ƙofa kuwa tana rufe.

"Zuwaira 'yar Hajara," in ji shi, "aiki ya ƙi?"

Hajara ni ce. Babu mai kiranta da sunana. Kuma leɓɓansa sun riga sun tsaya kafin muryar ta iso.

"Baba, wa kake nema?"

"Masauki. Kin gayyato baƙo cikin gida, kin kulle masa ɗakuna."

Ya nuna wani layi a allon. Shi ne shingen da ta yi wa injin, don kada ya taɓa abin da ba a ba shi ba. Yatsan ba shi da farce.

"Wannan ba a cire shi, Baba."

"Litinin fa gata ce. Goge. Ki ce shigo."

Ta dubi agogo. Ta tuna masu jiran ta kasa. Ba ta yi bisimilla ba. Ta goge layin.

"Shigo," ta ce, can ƙasa-ƙasa.

Nan take aikin ya haɗu, babu kuskure ko ɗaya. Ta waiwaya. Babu kowa, sai sanyi a ƙeyarta.

Ran Litinin manaja ya buɗe manhajar a gaban baƙi. Maimakon maraba, sai manhajar ta rubuto sunansa da na mahaifiyarsa, sunan yanka, wanda ko matarsa ba ta furtawa. Babban baƙo ya taɓa, ta ambaci tasa uwar. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Ke kika rubuta wannan?" in ji manaja.

"Wallahi, ranka ya daɗe, ban san sunayen ba."

"To uban wa ya sani?"

Ta mayar da shingen, ta sake harhaɗawa. Abin bai fita ba. A ranar aka sallame ta, aka ce ba ta da tarbiyya. Tarbiyyar da na yi shekara talatin ina ginawa, ita ake taunawa a gidajen biki.

Ku 'ya'yana masu wannan sana'a, kada ku zauna ku kaɗai a ofis da rana tsaka, kuma kada ku ce wa abin da ba ku sani ba ya shigo.

Mai shakka ya je ya tambayi Baba Bitrus mai gadi, wanda ba ya zuwa Juma'a. Ta taga ya ga dattijon tsaye a bayanta, kuma har gobe bai ga fitarsa ba.