Golan da Ya Lalubi Aljihu

Auta shi ne golan ajinsu. In ya tsaya a raga, ko ƙuda sai ya nemi izini kafin ya wuce.

Wata rana yayansa ya ba shi tsohuwar wayarsa. Shi ke nan, sai ka ce an ɗinke masa ita a hannu. Yana cin abinci yana latsawa. Ana yi masa magana yana latsawa. Kansa ya fara ciwo, ga saurin fushi.

Ranar wasan gwaji, ya bar wayar a gida. Wani yaro ya taho da ƙwallo a guje. Sai Auta ya ji kamar wayar ta motsa a cinyarsa. Ya sunkuya yana laluben aljihu. Ƙwallo ta wuce ta gefen kunnensa, ta faɗa raga.

"Kai, me kake nema?" in ji malamin wasanni.

"Malam, wayata ce ta yi ƙara."

"A wane aljihun? Wandon nan ma ba shi da aljihu!"

Yara suka tuntsure da dariya. Malam kuwa ya ce, "Wasan ƙarshe yana tafe. In hankalinka bai dawo ba, wani zai tsare ragar."

Auta ya koma gida. Ya tarar da Baba ya dawo daga garejinsa, yana wanke baƙin mai a hannu. Ya ba shi labari, ido cike da hawaye.

Baba ya ce, "Autana, injin da ba a kashewa zafi yake ɗauka. Kanka ma ya gaji."

"To Baba, in jefar da wayar?"

"A'a. Ka ba ta lokacinta, ka ba kanka nasa."

Mama ta kawo kwando ta ce, "Ga ɗakinta. In ka gama aikin makaranta, ka ɗauka kaɗan, ka mayar."

Ranar farko Auta ya sha wuya. Ya yi ta zagaya kwandon kamar kyanwa ta ga tukunya. Sai Baba ya fito da ƙwallo tsakar gida. Bugun farko da Baba ya yi, takalminsa ne ya tashi sama. Auta ya cafke takalmin, Mama ta yi dariya har da riƙe ciki.

Kwana kaɗan, ciwon kai ya gudu. Barcinsa ya yi daɗi.

A wasan ƙarshe, aka ba abokan hamayya fenareti. Auta ya zuba wa ƙwallo ido, ya yi tsalle, ya rungume ta a ƙirji. Abokansa suka ɗaga shi sama suna ihu.

"Ina ka samo wannan natsuwa?" in ji Malam.

"Hutu na ba kaina, Malam," Auta ya amsa yana haki, bakinsa har kunne.

Waya tana da amfani, yara, amma ƙwaƙwalwa ma tana son hutu. Ku riƙa ajiye waya, ku huta.