Jakar Dalma Mai Kunne

Turki bai gama share zufar nasara ba sikeli ya tona magana. Ya hau da sirdinsa a hannu, allura ta tsaya ƙasa da inda ta tsaya kafin tsere. Tsoho Mahadi, alƙalin fili, ya matsa jakar dalmar da ke jikin sirdin, ya ji rabinta wayam.

"An rage nauyi," in ji shi.

Idris, mahaifin Turki, ya matso kusa da sikelin. Hamad, Balaraben da ya zo daga Jidda don ɗaukar Turki aikin hawa a bargarsa, har ya fara laluben makullin mota.

Tseren nan na bayan gari kakannin su Idris ne suka fara shi, lokacin suna yi wa Larabawa kiwon dawaki. Gudu ne gajere, kuma dokin da ya fi ƙarfi shi ake ɗora wa dalma don a daidaita. Tun daga wancan zamani dattijo ke ɗinke bakin jakar da zaren fata a gaban kowa, a rataye ta a shinge, a yi La'asar, sannan a hau.

Idris ya kasa tsayuwa wuri guda. Ya ja ɗansa gefe.

"Dube ni. Kai ne?"

"Wallahi ya abuya, ban taɓa ta ba."

Idris ya nufi Mukhtaru mai ɗaura sirdi.

"Ina kake lokacin salla?"

"Ni na ja ku sallar, Idris. Ko ka manta kabbarata?"

Ya juya kan Ayman, wanda ya zo na biyu.

"Kafaɗata na jikin ta Turki a sahu, baffa. Tambaye shi."

Turki ya gyaɗa kai.

Idris ya karɓi jakar, ya juya ta, ya sake juyawa. Zaren dai na Tsoho ne. Amma a kusurwa an naɗe fatar, an ɗaure, ta yi tsini.

"Baba Tsoho, kana yi wa jaka kunne?"

"Kunne? Buhun gero ce?"

Idris direban tasi ne, ya sha kai alhazai da kayansu shagunan ɗaure kaya na unguwar Aziziyya. Ya ɗaga kai yana neman fuska ɗaya a cikin taron.

"Nasir, ɗan taho. A wane sahu ka tsaya?"

Nasir, mahaifin Ayman, mai shagon ɗaure kaya a Aziziyya, ya matso yana gyara hula. "Na baya. Alwala ta riƙe ni."

"Sahu ɗaya tak muka yi yau, ɗan'uwa, babu na baya."

Idris ya ɗaga jakar sama.

"Wanda ya buɗe ta ya mayar da zaren Baba don kada a gane. Sai dai hannunsa ya saba da buhunan alhazai, inda ake barin kunne don a ji daɗin ɗagawa. A nan mutum ɗaya ne ke wannan sana'a. Ya san sikeli zai kama Turki, nasara ta koma kan na biyu, aikin Jidda ma haka."

An sami dalmar a ƙarƙashin kujerar motar Nasir.

"Yaron ya daɗe a zaune ba aiki, Idris," in ji shi, kansa a ƙasa. Ayman ya juya masa baya.

Tsoho Mahadi ya zuba dalmar a jaka, ya zare basilla daga hularsa.

"Yalla, a sake. Kowa ya zuba ido."

Hamad ya mayar da makulli aljihu. Idris ya riƙe shinge da hannu biyu, ya kasa kallon fili. Ƙarar kofato kawai yake ji, har aka kwarma sunan ɗansa.